Kukan Birkin Keke da Damina: Darasi a Kan Gogayya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin ƙauyukan Gaya da Ajingi a cikin watan Agusta, lokacin da marka ta kankama, ya san irin ƙarar nan mai tsinka kunne da keke kan yi idan mahayinsa ya kama birki bayan ya ratsa kududdufi. Ɗalibin da ke tasowa daga Kademi zuwa cikin garin Gaya, ko daga Toranke da Balare zuwa Ajingi, ya san wani abu kuma da ya fi ƙarar tayar da hankali, wato ya matse birki iya ƙarfinsa amma keken ya ci gaba da tafiya kamar ba a taɓa shi ba. Idan kuma damina ta yi nisa, sai ya tarar robar birkin da ya saya farkon shuka ta cinye, alhali wadda ya sa da rani ta yi masa watanni.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa sun kakkaɓe kekunansu sun koma hawa, malamai da ɗalibai da manoma. Ban da tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix masu birkin sandar ƙarfe, yanzu akwai kekunan gwanjo da sababbi masu wani irin birki da za mu kira birkin faifai. A wannan darasi za mu amsa tambayoyi uku. Me ya sa birki ke rage kamawa idan ya jiƙe? Me ya sa yake kuka? Me ya sa yake saurin cinyewa da damina? Amsoshin duka suna cikin babi guda na ilimin Fiziks, wato babin gogayya.

Mece ce gogayya?

Gogayya ita ce ƙarfin da ke turjewa a duk lokacin da jikin wani abu ya nemi zamewa a kan jikin wani. Ita ce ke hana takalminka santsi, ita ce ke riƙe ƙusa a cikin katako, ita ce kuma ke sa tafin hannunka ɗumi idan ka murza su da sanyin hunturu. Ko da abu ya yi sumul a ido, idan aka duba shi da madubin ƙara girma za a ga tuddai da kwaruruka. Inda ƙananan tuddan nan na ɓangarorin biyu suka haɗu, sukan sarƙe su kuma manne, sai an yi amfani da ƙarfi kafin a raba su.

Leonardo da Vinci na ƙasar Italiya ya yi rubuce-rubuce a kan wannan al'amari tun ƙarshen ƙarni na 15. A shekarar 1699 wani Bafaranshe mai suna Guillaume Amontons ya bayyana dokokin gogayya, daga baya kuma ɗan ƙasarsu Charles Coulomb ya faɗaɗa su a shekarun 1780. Abin da za mu riƙe daga cikinsu guda biyu ne.

Na farko, gogayya tana ƙaruwa gwargwadon yadda aka matse abubuwan biyu. A lissafe:

gogayya = ma'aunin gogayya × ƙarfin matsi

Ma'aunin gogayya lamba ce da ta danganta da irin abubuwan da suka haɗu da kuma halin da suke ciki. Roba a kan busasshen ƙarfe tana da babban ma'auni, roba a kan jiƙaƙƙen ƙarfe kuwa ƙarami.

Na biyu, ƙarfin da ake bukata a fara motsa abu ya fi wanda ake bukata a ci gaba da jan sa. Wanda ya taɓa jan buhun gero a kan daɓe ya san fizgar farko ce mai wuya. Ta farkon ita ake kira gogayyar tsaye, ta biyun kuma gogayyar zamiya. A riƙe wannan bambanci da kyau, domin shi ne asalin kukan birki.

Aikin birki a lissafe

Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da makamashin motsi, kuma ba zai tsaya ba sai an raba shi da wannan makamashi. Birki ba ya hallaka makamashi, sai dai ya juya shi ya koma zafi ta hanyar gogayya. James Joule na Ingila ne ya tabbatar da dangantakar aiki da zafi a shekarun 1840, shi ya sa ake auna makamashi da jul.

makamashin motsi = ½ × nauyi × sauri × sauri

Mu ɗauka ɗalibi yana da nauyin kilogiram 55, kekensa 20, ya kuma ɗauro kaya na kilogiram 25 a kariya. Jimla kilogiram 100 ke nan. Idan yana tafiyar kilomita 18 a awa, wato mita 5 a kowace daƙiƙa, makamashinsa shi ne ½ × 100 × 5 × 5, wato jul 1,250. Idan ya ninka saurinsa ya koma mita 10 a daƙiƙa, makamashin zai zama jul 5,000. Sauri ya ninka sau biyu, aikin birki ya ninka sau huɗu.

Yanzu mu ƙaddara cewa busasshen birkinsa yana turje wa keken da ƙarfin niyuton 250. Da yake aiki shi ne ƙarfi sau nisa, nisan tsayawarsa zai zama 1,250 ÷ 250, wato mita 5. Idan ruwa ya rage ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin biyar, wato niyuton 50, nisan zai zama mita 25. A ƙara da mita 5 da yakan ci a cikin daƙiƙa guda kafin hannunsa ya amsa abin da idonsa ya gani. Tsayawar da take mita 10 da rani ta zama mita 30 da damina. Lambobin nan misali ne don lissafi, amma ku auna tsawon ajinku ku kwatanta, sa'an nan ku tuna da yaron da zai iya fitowa a guje daga lungu, ko amalanken shanu da ta tare hanya.

Yadda ruwa ke raunana birkin wili

A yawancin kekunanmu, robobi biyu ne ke kama bakin wili, ko sandar ƙarfe ce ke jawo su ko waya. Bakin wili kuwa bai fi 'yan santimita tsakaninsa da ƙasa ba, saboda haka duk ruwa da taɓon da taya ta shiga, shi ma ya shiga. Idan aka kama birki, wani siririn shimfiɗin ruwa yakan shiga tsakanin roba da ƙarfe ya hana tuddan da muka ambata haɗuwa. Robar sai ta riƙa sulɓi a kan ruwa maimakon ta kama ƙarfe.

Abin ya fi muni a wilin baƙin ƙarfe mai ƙyalli irin na manyan kekuna, domin rufin da aka yi masa sumul yake ƙwarai, ruwa yakan kwanta a kansa ba tare da ya tsinke ba. Wilin alminiyam, wato goran ruwa, ya fi shi kamawa idan ya jiƙe. Masu ƙera robar birki sun daɗe da gano cewa fata ta fi roba kama jiƙaƙƙen baƙin ƙarfe, shi ya sa wasu kamfanoni ke saka yankin fata a tsakiyar robar.

Kafin birki ya dawo da kamawarsa, sai robar ta share ruwan da ke bakin wilin, wannan kuwa yakan ɗauki juyi biyu ko uku. Kewayen tayar babban keke mai inci 28 ya kai kimanin mita 2.2. Juyi uku ke nan ya haura mita 6 da mahayi zai ci kusan babu birki. Idan kuma ana cikin ruwan ne, wilin yana sake jiƙewa a kowane juyi.

Birkin faifai

Birkin faifai ya ɗauke aikin daga bakin wili ya mayar da shi tsakiyar ƙafar keke. Ana ɗaura wani faifan ƙarfe marar tsatsa a cibiyar wilin, faɗinsa sau da yawa milimita 160, kaurinsa kuma bai kai milimita 2 ba. Wani ɗan akwati da ke jikin keken yana ɗauke da takalman birki biyu, su ne ke matse faifan daga kowane gefe. A wasu kekunan waya ce ke tura su, a wasu kuma mai ne da ke cikin siririn tiyo.

Dabarar ta girme mu. Frederick Lanchester ya yi rajistar irin wannan birki don motoci a Ingila a 1902, kuma ya yi suna bayan da motar Jaguar mai ɗauke da shi ta ci tseren Le Mans na Faransa a 1953. Ya yaɗu a kekunan hawan duwatsu daga ƙarshen shekarun 1990, kuma a 2018 hukumar tseren keke ta duniya ta amince da shi a tseren kan titi.

Dalilai uku ne suka sa ya fi na wili aiki da damina. Na ɗaya, faifan yana nesa da ƙasa, bai cika nutsewa cikin taɓo ba. Na biyu, an huhhuda shi domin ruwa da datti su sami mafita. Na uku ya shafi lissafi. Daga cibiya zuwa bakin wili kimanin santimita 32 ne, daga cibiya zuwa bakin faifai kuwa santimita 8 kacal. Kamar yadda mai tura ƙofa daga kusa da maratayinta yake bukatar ƙarfi fiye da mai turawa daga bakinta, haka birkin faifai yake bukatar gogayya kamar ninki huɗu kafin ya yi aikin da na wili ke yi. Saboda haka aka ƙera shi ya riƙa matsewa da ƙarfi ƙwarai a kan ɗan ƙaramin wuri, wannan matsi kuwa yakan tatse ruwan nan da nan.

Zafi ma yana taimakawa. Idan faifai mai nauyin giram 120 ya sha jul 5,000 ɗin nan shi kaɗai, zafinsa zai ƙaru da kimanin digiri 80 a ma'aunin Selsiyos, domin ɗaga zafin kilogiram guda na irin ƙarfen da digiri ɗaya yana cin kusan jul 500. Wannan ya isa ya busar da laima, ya kuma isa ya ƙona yatsan wanda ya taɓa faifan bayan gangara mai tsawo.

Sai dai a lura, gogayya biyu ce ke tsayar da keke: ta tsakanin birki da wili ko faifai, da ta tsakanin taya da ƙasa. Birkin faifai ta farkon kawai ya gyara. A kan lakar fadama mai santsi, birki mai ƙarfi zai iya kulle taya, keken ya zame ya kayar da mai shi.

Daga ina kukan yake fitowa?

Ku dubi mai goge. Yakan shafa wa izgarsa ƙaro domin ta riƙa kama tsarkiya. Idan ya ja izgar, sai ta kama tsarkiyar ta tafi da ita, har tsarkiyar ta ɗame ta fi ƙarfin gogayyar tsaye, sai ta kuɓuce ta koma baya. Da yake gogayyar zamiya ba ta kai ta tsaye ba, tsarkiyar takan zame sosai kafin izgar ta sake kama ta. Wannan kamawa da kuɓucewa yana faruwa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda, tsarkiya ta yi karkarwa, ƙoƙon gogen ya ƙara mata amo, kunne ya ji sauti. Haka alli ke yi idan ya yi ƙara a kan allo, haka ma ƙofar da maratayinta ya bushe.

Birki mai kuka goge ne da ba a so. Takalmin birki shi ne izga, faifai ko wili shi ne tsarkiya, sifoka da jikin keke su ne ƙoƙo. Kunnen ɗan Adam yana jin karkarwar da ke tsakanin 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, kukan birki kuwa yakan faɗo daga ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai, inda kunne ke ji sosai. Faifai siriri ne mai faɗi kamar faranti, shi ya sa amonsa ya fi na wili kaifi.

Ruwa yana ƙara abin ne domin ba ya kwanciya bai ɗaya. Wani wurin ya bushe ya kama, wani wurin da laima ya zame, sai ma'aunin gogayya ya riƙa hawa da sauka cikin sauri. Irin wannan kuka ba cuta ba ne, yakan ɗauke da kansa bayan an kama birki sau biyu ko uku faifan ya bushe.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Idan kukan ya ci gaba bayan keke ya bushe, akwai dalili. Kuka mai tsanani tare da raunin kamawa alama ce mai ko giris ya taɓa birkin. Ƙara mai zuwa tana ɗaukewa sau ɗaya a kowane juyi alama ce faifai ko wili ya karkace. Kakkarwar da ake ji har a hannu takan nuna wani noti ya kwance. Ƙarar kankarar ƙarfe da ƙarfe kuwa tana nufin takalmin ya ƙare, ƙarfen bayansa ne ke cin faifan.

A nan ne wasu ke yin babban kuskure, su ɗiga wa birki baƙin mai domin ya yi shiru. Lalle zai yi shiru na ɗan lokaci, amma saboda an kashe gogayyar da ake dogara da ita ne. Takalmin birkin faifai yana shan mai kamar yadda ƙasa ke shan ruwa, idan ya sha sai dai a canza shi.

Me ke cinye birki da damina?

Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran Abagayawa daga Gaya suka taso neman tama har suka sauka a gindin Dala. Jikokinsu a sana'a sun san cewa abin da ya fi tauri shi ke cin wanda bai kai shi ba, shi ya sa ake wasa wuƙa a kan dutse, ana kuma yayyafa wa dutsen ruwa.

A 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adinai bisa taurinsu daga 1 zuwa 10. Yawancin ƙwayoyin yashi da rairayi gutsattsarin farin dutsen nan ne da ake kira ƙanƙara, wanda taurinsa 7 ne a wannan ma'auni. Ƙarfen wuƙa yana wajen 5 da rabi, goran ruwa bai kai 3 ba, roba kuwa ba a ma maganarta. Ke nan rairayin da muke takawa ya fi kusan duk abin da ke jikin birki tauri.

Da rani, busasshen rairayi yakan bugi wili ya zube. Da damina kuwa ruwa ne ke ɗauko shi ya manna shi a wili da faifai, ya kai shi har ƙarƙashin birki. Wasu ƙwayoyin sukan nutse cikin robar su mayar da ita samfefa. Baƙin ruwan nan da ke gangarowa daga wilin goran ruwa bayan tafiya cikin ruwa, garin robar ne da na wilin kansa. A 1953 John Archard ya nuna cewa yawan abin da ke cinyewa yana ƙaruwa da ƙarfin matsi da kuma nisan gugar, yana raguwa da taurin abin. Da damina mahayi yana matsawa da ƙarfi, yana kuma daɗewa yana matsawa, ga yashi a tsakani. Dukkan sharuɗɗan cinyewa sun cika.

Takalman birkin faifai iri biyu ne. Akwai na haɗin ƙaro da zaruruwa, masu laushi da ƙarancin ƙara, amma taɓo yana saurin cinye su. Akwai kuma na garin ƙarfe, galibi mai jan ƙarfe a ciki, da aka matse aka gasa. Waɗannan sun fi jure wa ruwa da yashi, amma sun fi kuka, sun kuma fi cin faifan. Wasu faifan an rubuta a jikinsu cewa na farkon kaɗai suke ɗauka, sai a duba kafin a saya.

Abin da ya kamata mahayi ya yi

1. Rage sauri idan ƙasa ta jiƙe, ka kuma fara kama birki tun daga nesa.
2. Da zarar ka fito daga ruwa, ɗan riƙe birki a hankali kana tafiya har ka ji ya fara kamawa.
3. Yi amfani da birkin gaba da na baya tare, a sannu, kada ka fizga, musamman a kan kwana.
4. Idan ka isa gida, ɗauraye wili da birki da ruwa mai tsabta, ka ciccire yashin da ya nutse cikin roba.
5. Goge faifai da sifirit da tsumma mai tsabta. Kada kalanzir ko baƙin mai ko giris su kusance shi. Idan za ka sa wa sarƙa mai, ɗiga kaɗan, ka goge ragowar.
6. Canza robar wili idan tsagogin jikinta sun shafe. Canza takalmin faifai idan abin da ya rage a kan ƙarfensa ya gaza milimita 1. Faifai ma yana da iyakar kauri da akan rubuta a jikinsa, a wasu milimita 1.5.
7. Ka sa mai gyaran keke ya saita robar wili yadda gabanta zai riga bayanta taɓa wilin da kamar milimita 1. Wannan yakan rage kuka.
8. Sabon takalmin faifai yana bukatar a saba shi. Kama birki a hankali sau da yawa a fili marar cunkoso kafin ka shiga hanya.
9. Taka taya da silifa ba birki ba ne. Kuɗin roba bai kai kuɗin ɗori ba.

Gwaje-gwaje don aji

Gwaji na ɗaya: A sami kofin gilashi mai siririn baki. Ɗalibi ya wanke yatsansa, ya jiƙa shi, ya riƙa zagaya bakin kofin a hankali har sauti ya fito. Sa'an nan ya shafa wa yatsan man gyaɗa ya sake gwadawa. Me ya faru da sautin, kuma me ya sa?

Gwaji na biyu: A goga tsohuwar robar birki sau hamsin a kan murfin tukunyar goran ruwa, da farko a bushe, sa'an nan da ruwa mai tsabta, sa'an nan da ruwa da rairayi, kowanne a wurinsa daban. A kwatanta zanen da ya fito da launin ruwan.

Gwaji na uku: A filin makaranta, malami yana tsaye, ɗalibi ya gangaro daga ɗan tudu guda ba tare da taka feda ba, ya kama birki a kan layin da aka ja. A auna nisan tsayawarsa sau uku. A jiƙa bakin wili kaɗai, ƙasa tana bushe, a sake aunawa sau uku. A fitar da matsakaicin kowanne.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin gogayyar tsaye da ta zamiya?
2. Keke da mahayinsa suna da nauyin kilogiram 80, suna tafiyar mita 6 a daƙiƙa. Nawa ne makamashin motsinsu? Idan ƙarfin birki niyuton 240 ne, a mita nawa za su tsaya?
3. Me ya sa birkin faifai ba zai hana keke zamewa a kan laka ba?

Kammalawa

Mun ga cewa ruwa yana raba roba da ƙarfe, shi ya sa birki ke rauni. Yana sa gogayya hawa da sauka, shi ya sa birki ke kuka. Yana kuma kawo yashin da ya fi ƙarfe tauri, shi ya sa birki ke cinyewa. Muna fata malamai za su shigo da keke cikin aji idan sun zo babin gogayya, ɗalibai kuma kowa ya duba robar birkinsa tun kafin hadarin farko ya haɗo. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.